Minista Tana Barci

A shekarata ta uku a jami'a aka naɗa ni ministar lafiya a gwamnatin ɗalibai. Ni ban nema ba. Lomayani, wanda ya ci zaɓen shugaba, ɗan ajinmu ne, kuma ya taɓa ganina na goya wata yarinya da ta suma a layin abinci har zuwa asibitin makaranta. Shi ke nan ya ce ya samu ministarsa. Aka ba ni kati mai igiya na ratayawa a wuya, da mataimaki mai suna Fanuel, wanda tun ranar rantsarwa ban sake ganin ƙeyarsa ba, da wata tsohuwar waya ƙarama mai maɓallai. Lambar wayar nan an manna ta a ƙofar kowane ginin kwanan ɗalibai.

Wayar ce ta cinye ni. Ba ta san dare ba, ba ta san rana ba. Wannan zazzaɓi, wancan ya faɗo daga babur, waccan ta ɓatar da katin asibiti kuma an ƙi duba ta. Har wadda saurayi ya yaudara ni take kira, don ai ciwon zuciya ma ciwo ne. Ga shi kuma kimiyyar haɗa sinadarai nake karantawa, darasin da ba ya jiran kowa. Sai na koma yin barci gutsi-gutsi, kamar yadda kaza ke tsinto: minti goma a ɗakin karatu, minti biyar a kan bencin asibiti, wani lokacin ma a tsaye. In ka buɗe littafina na wannan shekarar za ka ga rubutu ya fara da kyau, sai ya riƙa karkacewa, daga nan ya zama zare ɗaya dogo ya gangara ƙasan shafi.

Abokiyar ɗakina Zuhura, 'yar garin Tanga, ba ta raga mini.

"Ranki ya daɗe, mai girma Minista," in ji ta wata safiya, tana hura shayi, "jama'a na miƙa gaisuwa, sun kuma ce a sanar da ke rigarki a baibai take."

"Ke dai Allah ya shirye ki."

"Amin. Ya haɗa da wadda ta zuba gishiri a shayinta jiya ta shanye ba ta sani ba."

Hutu biyu ban je gida ba. Na farko an ce shugabanni su tsaya su karɓi sababbin ɗalibai. Na biyu gajere ne, kuma aka cika shi da taro. Ni kuwa Dodoma, inda jami'armu take, ba ta taɓa zama mini jiki ba, gari ne na duwatsu da rana da ƙaya. In na rufe ido a kan bencin asibiti, garinmu Tukuyu nake gani. Gidanmu a gefen tudu, ayaba ta kewaye shi har ba a hango rufin sai an zo dab. Hazon safiya yana shigowa har tsakar gida. Baba yana dawowa daga gonar shayi wandonsa jiƙe da raɓa har gwiwa, Mama tana tatsar saniya tana yi mata faɗa kamar mutum. Gadona yana jikin bangon ɗakin girki, bangon kullum da ɗumi. Ban taɓa ɗaukar waɗannan a bakin komai ba sai da na yi wata goma sha ɗaya ban gan su ba.

Mama takan kira ni ran Lahadi bayan coci. Sau da yawa sai in ce, "Mama, ina cikin taro, zan kira ki." In na tuna kuma dare ya yi nisa, su kuwa da wuri suke kwanciya.

A watan Afrilu injin da ke turo ruwa zuwa gine-ginen mata ya lalace. Ɗalibai suka koma sayen ruwan jarka a bakin ƙofa, ba a yi kwana huɗu ba gudawa ta ɓarke. Daren Litinin, da na Talata, da na Laraba, duk a asibiti na yi su, ina kai wannan ina dawo da waccan, littafina a hammata, don ran Alhamis da ƙarfe takwas akwai gwaji a ajin Dakta Shayo. Ita kuwa Dakta Shayo, ko da takardar likita ka zo sai ta ɗaga ta ta haska a rana.

Ran Alhamis ɗin, bakwai da kwata, ina wanke fuska da ruwan kofi ɗaya, wayar ta yi ƙara. Mai gadin babbar ƙofa ne.

"Minista, ga wata dattijuwa nan da buhu biyu. Ta ce ita ta haife ki."

Na ɗauka mafarki nake yi, don a kwanakin nan nakan ji muryoyi in juya ban ga kowa ba. Na fita a guje da silifas. Tun daga nesa na gane ta, ba da fuska ba, da tsayuwa: hannu ɗaya a ƙugu, kai a ɗan karkace. Ta sa rigar sanyinta ruwan ƙasa a cikin wannan rana, zane biyu a ɗaure. Motar dare ta biyo, awa goma sha uku a zaune.

Na durƙusa zan gaishe ta, ta ɗago ni. Tana ƙanshin hayaƙin icce da man shafawarta. Na rungume ta.

"Atupele," in ji ta, ta riƙe haɓata tana juya fuskata dama da hagu, "wa ya kwashe miki nama? Ke ce ministar lafiyar?"

"Ni ce, Mama."

"To Allah ya ji ƙan marasa lafiyar."

"Me ya sa ba ki faɗa mini za ki zo ba? Baba lafiya? Yaya Gwakisa fa?"

"Kowa lafiya. Da na faɗa miki ai cewa za ki yi kina cikin taro. Ɗauki buhun can, a hankali, akwai fiya a sama."

A hanya ta ce mini gobe da asuba za ta koma, motar ƙarfe shida. Ta bar saniya a hannun maƙwabciya, kuma Baba ko ruwan zafi bai iya dafawa ba. Yini ɗaya ke nan da kwana ɗaya. Na duba agogo, takwas saura kwata. Na kai ta ɗaki, na danƙa ta a hannun Zuhura, na ce, "Mama, awa ɗaya kawai, ina zuwa."

"Je ki. Akwai maganar da na zo da ita, amma ba ta gudu."

Tambaya ta farko na san ta. Na fara rubutu, ina jin daɗi. Ta biyu na karanta sau uku, kalmomin suna iyo. Na ce bari in ɗan dafe goshi in tuno. Abin da na sani bayan nan shi ne ƙwanƙwasa biro a kan teburina. Na ɗago, ɗakin ya kusa zama wayam, takardata ta manne a kumatuna.

"Lokaci ya cika," in ji Dakta Shayo. Ta zare takardar da yatsa biyu, ta dubi katin da ke wuyana. "Takardar shaidar da za ki bar nan da ita, ba za a rubuta minista a jikinta ba. Kin san da haka?"

"Na sani, Dakta."

"To madalla."

Ina fitowa Lomayani ya tare ni a kan matakala, cikin kwat ɗinsa da yake sawa ko rana na narka kwalta. An matso da zamanmu da shugaban harkokin ɗalibai zuwa ƙarfe goma, kuma ni ce mai lissafin waɗanda suka kwanta. Na ce masa mahaifiyata ta zo.

"Kai, madalla! Ki gaishe ta. Minti talatin ne kawai, Atu, ki taimaka. In ba ki zo ba cewa za su yi mutum uku ne suka yi ciwon ciki mu muka mai da su hamsin."

Minti talatin ɗin ya kai mu ƙarfe ɗaya. Aka yi alkawarin tankar ruwa, aka ce ni zan tsaya in ga an raba ba a yi faɗa ba.

Da na biyo ta gaban gininmu sai na tarar Mama ta fito. Ta shimfiɗa zane a ƙarƙashin darbejiya, ta kwance rigar sanyi ta ɗaura a ƙugu, 'yan mata sun kai shida a kewaye da ita tana yanka musu fiya da wuƙar Zuhura tana barbaɗa gishiri. Na zauna kusa da ita, kafaɗata na taɓa tata.

"Kin ci abinci?" in ji ta.

"Zan ci. Mama, wace magana ce?"

Ta dubi 'yan matan, ta dube ni. "Babanki ne ya ce..."

Wayar ta yi ƙara. Tanka ta iso, an fara doke-doke da bokitai.

"Minti goma, Mama."

"Je ki, je ki."

Daga inda tankar ta tsaya ina hango ta. Ina ihu ina shirya layi, ina raba masu cacar baki, amma kowane ɗan lokaci sai in waiga. Tana nan. Inuwa ta matsa, ita ma ta ja zanenta ta bi ta. 'Yan matan sun watse. Ta ɗora hannuwa a cinya, ba ta kallon komai sai ni. Sau ɗaya ta ɗaga mini hannu, kamar yadda take yi in motar makaranta za ta tashi da ni. Wata goma sha ɗaya ina kewarta daga nesa, ga ta yau tsakanina da ita bai fi taku ɗari ba, kuma kewar ba ta ragu ba. Na share ido da bayan hannu. Wata yarinya ta ce, "Minista, kuka kike yi?" Na ce ƙura ce.

Bayan tanka sai asibiti, an sallami mutum huɗu ana neman wanda zai sa hannu. Ban shiga ɗaki ba sai da rana ta yi ja.

Tun daga matakala na ji ƙanshin. Ayaba ce ɗanya da nama, irin dahuwar gida, a kan ɗan murhun lantarkin da Zuhura ke ɓoyewa a ƙarƙashin gado.

"Ranki ya daɗe," in ji Zuhura, "kin kama mu dumu-dumu. Doka ta hana girki a ɗaki. Za ki ƙwace murhun ne kafin ki ci, ko bayan kin ci?"

"Rufe mini baki ki miƙo kwano."

Na ci har na ji kunya. Mama ba ta ci ba, kallona take yi. Da na gama ta zauna a bakin gadona ta buga cinyarta.

"Zo nan. Wannan kan naki ko mahaukaciya ta ga ta samu 'yar uwa. Wata nawa da kitson nan?"

"Biyu... ko uku."

Na zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyinta. Ta fara tsefewa da tsinken da ta ciro daga ɗankwalinta. Yatsunta masu kaushi ne, na tatsa da noma, amma ba su taɓa ja mini gashi ba. Na jingina kaina a cinyarta. Ina da labarai cike da ciki da na tara mata. Ina so in tambaye ta saniya ta haihu, wa ya yi aure, wa ya mutu, itacen fiyar bayan gida ya yi 'ya'ya bana.

"To, Mama, ina jin ki. Me Baba ya ce?"

"Bari in gama wannan layin."

Ban ji ta gama ba.

Rana ce ta tashe ni, ta faɗo a kan fuskata ta taga. Ina kan gado, an lulluɓe ni da zane. Na daɗe ban san inda nake ba. Jikina ya yi sakayau, kaina ya washe kamar an share shi. Na kai hannu na shafa, sai na ji kitso sabo, layi-layi, har ƙeya. Na zabura.

Zuhura na zaune a nata gadon da littafi a cinya, ba ta karantawa.

"Ina Mama?"

"Ta tafi, Atu. Ni na raka ta tasha. Yanzu tara ta wuce."

"Tara? Ta tafi? Kuma kuka bar ni ina kwance kamar gawa?"

"Sau biyu na zo zan tashe ki, ta riƙe mini hannu. Ta ce wanda ya tashe ki ba ta yafe ba."

Na lalubi wayar aiki, ba ta ƙarƙashin matashi. Zuhura ta nuna mini ita a kan tebur, an ɗora ta a kan ƙyalle kamar abin da aka wanke.

"Tana hannun Mama duk dare," in ji ta. "Kina yin barci ta zare ta daga aljihunki. In ta yi ƙara sai ta fita baranda ta ɗauka. Da kin ji ta! 'Minista tana barci. Ni uwarta ce, faɗa mini.' Wani ya ce kansa ke ciwo, ta ce ya sha ruwa ya kashe wayarsa ya kwanta. Wata ta kira tana kuka a kan saurayi, Mama ta yi rabin awa da ita, har na ji suna dariya."

"In da wani ya mutu fa? Zuhura, in da wani ya mutu?"

"Saurara mana. Wajen sha biyu aka kira, Nyamizi ta gini na uku, asmarta ta tashi. Mama ta ce mini, 'Yarinyar nan ba ta da mataimaki ne? Ko shugaban ƙasa ai yana da shi.' Na ce akwai, sunansa Fanuel. Ta ce in nemo lambarsa. Wallahi, Atu, ban taɓa jin an wanke mutum tas ba tare da an ɗaga murya ba sai jiya. Ta tambaye shi sunan uwarsa, ta tambaye shi ko ta san abin da yake yi a nan. Minti goma sai ga shi da mai babur, wando a karkace. Shi ya kai Nyamizi, shi ya kwana a can. Ta samu sauƙi."

Na so in yi dariya, sai kuka ya zo a madadinta. Na kifa kai a cikin zanen. Nata ne, wanda ta shimfiɗa a ƙarƙashin darbejiya, har da guntun busasshen ganye a jiki.

"Ta yi barci kuwa?" na tambaya.

"Ko kaɗan. Ta yi miki kitso kina kwance a cinyarta, tana juya kanki a hankali kamar ƙwai. Da ta gama muka ɗora ki a gado. Sai ta ja kujera ta zauna tana kallon ki har huɗu da rabi."

"Ba ta bar saƙo ba?"

"Ta ce shinkafar Kyela ce, ta can wajenku, a ƙaramin buhu, kada ki raba wa mutane duka."

Na kira ta. Ba ta shiga. Na sake, na sake. Sai wajen sha ɗaya ta ɗauka, ƙarar mota ta cika wayar.

"Mama, me ya sa kika yi mini haka?"

"Kin tashi? Kin ci abinci?"

"Kin yi tafiyar awa goma sha uku, ko hira ba mu yi ba!"

"Na gan ki ai. Na gan ki sosai. Rabon da in zauna in kalle ki haka tun kina goye."

"Maganar fa? Me Baba ya ce?"



"Gidan ne, Atu. Mun sayar."

Motar ta shiga tsakanin duwatsu, layin ya ɗauke. Na zauna riƙe da waya ina kallon bango. Minti ashirin kafin ta sake shiga, kuma haka muka yi maganar, guntu-guntu, tudu na yanke mu kwari na haɗa mu. Gwiwoyin Baba sun ƙi. Sau biyu ya faɗi a gangaren gonar shayi, na biyun sai da aka ɗauko shi, ba su faɗa mini ba don kada hankalina ya tashi. Yaya Gwakisa ya gina musu ɗaki biyu a bayan gidansa a birnin Mbeya, kusa da asibiti. Wani malamin makaranta ne ya saya, da gonar da saniyar duka. Ƙarshen watan Mayu za su tashi.

"Babanki ya ce ba maganar waya ba ce, in je in faɗa miki baki da baki. Ga shi dai a wayar ta ƙare."

"Da kin tashe ni, Mama."

"Na yi niyya. Na sa hannu a kafaɗarki ma. Sai na ce, yarinyar da ta samu barci yau ɗaya, in tashe ta in ba ta abin da zai hana ta na gobe? Haba."

"Zan zo."

"Kada ki yi alkawari. Ki yi karatunki."

"Na ce zan zo."

Mako na gaba aka manna sakamakon gwaji. Na samu huɗu cikin ashirin. Na je ofishin Dakta Shayo, ban roƙe ta komai ba, na dai tambaye ta ko akwai sauran hanya. Ta ce gwaji ba ya dawowa, amma babbar jarrabawa na nan a Yuli, kuma wanda ya amsa tambaya ta farko yadda na amsa ba daƙiƙi ba ne. Ta ce in riƙa zuwa ran Talata da yamma da tambayoyina, in ba na cikin majalisa.

Daga nan na wuce ofishinmu. Lomayani na ciki, Fanuel ma na ciki, don tun daren nan ya zama ɗan gari, in ya gan ni har tambaya yake yi, "Mama ta isa lafiya?" Na ajiye wayar a kan tebur. Na ce daga yau kwana ɗaya ni kwana ɗaya Fanuel, kuma a ƙarshen Mayu zan yi kwana biyar ba na nan.

"Ƙarshen Mayu?" in ji Lomayani. "Atu, makon lafiya ke nan fa. Mun gayyaci baƙi. Ke ce mai jawabi."

"Fanuel na da baki."

"Mutane za su ce kin gudu."

"Su ce. In kuma kana son katin ne, ga shi."

Ya dube ni, ya dubi katin, ya sosa ƙeya. "Wa ya ce yana son kati? Ke dai ba a yi miki wasa."

Na isa Tukuyu saura kwana uku su tashi. Ana yayyafi. Na sauka a bakin titi na hau tudun da ƙafa, jakata a ka, ina tsayawa ina shaƙar iska kamar wadda aka sako daga kurkuku. Na tarar an riga an kwashe rabin gidan. Hotuna sun sauka daga bango, sun bar tabo fari-fari. Baba na zaune a kujera a ƙofar ɗaki da sanda a tsakanin ƙafafunsa, sandar da ban san shi da ita ba. Ya rame, amma muryarsa na nan.

"A'a, gwamnati da kanta! Maman Gwakisa, fito, gwamnati ta iso, mu ba mu share hanya ba."

Kwana ukun nan ban zauna ba, amma gajiyarsu daban ce. Muka naɗe tabarmi, muka ɗaure tukwane da igiyar ayaba, muka yi ta gardama a kan abin da za a ɗauka da abin da za a bari. Mama ta ce turmi sai ya tafi, Yaya Gwakisa ya ce babu wuri, turmi ya tafi. Na bi Baba gida-gida yana sallama da maƙwabta, yana dafe da kafaɗata, tafiyar minti biyar muna yin ta a rabin awa. A kowane gida sai an ba mu shayi, a kowane gida sai ya ce, "Ai Mbeya ce, ba lahira ba," su yi dariya, matan su juya baya su share ido. Da yamma ni da Mama mukan zauna a ɗakin girki, ita tana magana ni ina ji. Na ji wa ya yi aure, na ji wa ya mutu. Saniya ta haifi mace.

Ran tafiya motar kaya ta zo da hantsi. Aka loda. Malamin da ya sayi gidan ya zo da matarsa, mutane masu kunya, suka tsaya can gefe kamar su ne suka yi laifi. Baba ya miƙa masa makullai, ya nuna masa inda rufin ke yoyo in ruwa ya zo daga gabas, ya ce kada ya yarda da reshen fiyar da ya leƙo kan bayi, ya kusa karyewa. Mama ta shiga garke ita kaɗai, ta daɗe kafin ta fito.

Aka sa Baba a gaba kusa da direba. Ni da Mama muka hau baya, muka zauna a kan katifa tsakanin turmi da ƙafafun gado. Motar ta fara gangarawa a hankali, tana zamewa a laka. Na ga matar malamin ta tura ƙofar ɗakin girki ta leƙa ciki. Daga nan muka sha kwana.

Mun kusa titi sai Baba ya buga gilashin baya da kan sandarsa, ya leƙo ta taga.

"Atu! An ce kin ci huɗu cikin ashirin?"

Na dubi Mama. Ta kau da kai tana gyara igiyar buhu.

"Haka ne, Baba."

"To a Yuli nawa za ki kawo mini?"

"Sai abin da Allah ya yi."

"Allah ya riga ya yi nasa, ya ba ki kai. Direba, taka mu je, ruwa na tafe."